Direban Hantsi

Marwan mutumin Matameye ne, sana'arsa fenti. Kowace shekara idan an gama kai gero rumbu sai ya tafi Kano ci-rani, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. A gida yake barin matarsa Najaha da mahaifinsa Alhaji Cha'ibu, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar shekara biyu da suka wuce. Tsohon yana iya zama, yana magana a hankali, amma hannunsa da ƙafarsa na dama sun daina aiki.

Abin da ke ɗebe wa Marwan kewa a Kano wani wasan mota ne a salula. Da farko tsere ne kawai, ka zaɓi babbar mota, ka ɗauki kaya, ka riga sauran isa. Daga baya masu wasan suka sake masa fasali, suka cusa masa irin tsarin wasannin jarumai masu yawo da takobi. Direban ya zama mutum mai suna da tufafi. Duk tafiyar da ya kammala sai ya samu maki, in makin ya taru ya hau mataki na gaba. Kowane mataki yana zuwa da taurari uku da za ka zuba inda ka ga dama: gudu, ko birki, ko gyaran inji, ko iya magana da jama'a. Inda ka zuba ka zuba ke nan, ba a kwashewa. A hanya kuma mutanen ƙauyuka kan tare ka da wata buƙata, wasan ya jero maka amsoshi ka zaɓa. Yana riƙe duk abin da ka zaɓa, da shi yake yi maka laƙabi.

Marwan ya sa wa direbansa suna Guguwa. Wata takwas yana renonsa har ya kai shi mataki na goma sha tara, kuma bai taɓa zuba tauraro ko ɗaya a wani wuri ba sai gudu. Duk wanda ya tare shi a hanya wuce shi yake yi. Wasan ya laƙaba masa Ɗan Ganganci, shi kuwa yana alfahari da hakan.

Wata Talata da azahar, yana hutawa a benen da suke yi wa fenti, ya buɗe wasan ya tarar Guguwa yana mataki na ashirin da ɗaya. Kwana huɗu rabonsa da taɓa shi. An zuba taurari shida, huɗu a birki, biyu a gyaran inji.

Ya daɗe yana kallon abin kafin ya tuna da tsohuwar salularsa. Bara da ya sayi sabuwa ya bar wa Najaha tsohuwar don su riƙa aika wa juna saƙon murya, bai goge wasan daga cikinta ba, kuma da suna ɗaya da kod ɗaya, wato lambar sirri, ake shiga. Nan take ya kira ta. Suka gaisa, ya tambayi jikin Baba, sannan ya tambaye ta ko wani yana taɓa wasan da ke cikin salular.

"Wane wasa?" ta ce.

Ya yi mata bayani. Ta ce ita ba ta san komai a kai ba, salular ma a akwati take ajiye ta, sai za ta saurari saƙonsa take fito da ita. Shekara biyar da aurensu, ya san muryarta idan ta gaji, ya san ta idan tana fushi. Wannan muryar bai san ta ba.

Da ya so da ya sake kod a ranar, magana ta ƙare. Bai sake ba. Ya ce wa kansa bari ya ga gudun ruwan mai yin abin.

Wasan yana da shafin da yake rubuta kowace tafiya da lokacinta, yana kuma bari a sake kallon yadda aka yi tuƙin. Marwan ya mayar da wannan shafin abin dubawarsa kullum. Mutumin yakan fara wajen goma da rabi na hantsi, ya tsaya dab da azahar, kullum ban da Juma'a. Tuƙinsa kuma ba na mai wasa ba ne. Kafin gangara yake sauke giya. Ba ya wuce mota a kwana ko da hanya fayau take. Akwai wani maɓalli na tsayawa a duba tayoyi wanda Marwan bai taɓa ganin wanda ya damu da shi ba, shi wannan kowace tafiya sai ya danna shi. Ya ɗauki wata tsohuwa da akuyarta kyauta. Ya ƙi kayan wani ɗan fasa-ƙwauri da ke ba da maki mai yawa. Cikin sati biyu aka goge Ɗan Ganganci aka rubuta Amintacce, aka cire wa Guguwa baƙin gilashinsa aka sa masa hula.

Najaha ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ko keke ba ta hawa. Wannan namiji ne, kuma direba ne na gaske. Ban da mahaifinsa da ke kwance, direba ɗaya ne ke shiga gidan: Gambo, abokinsa tun suna lakwal, wato makarantar boko, mai taksi tsakanin Matameye da Daura. Duk saƙon da Marwan ya aiko daga Kano, shinkafa ce ko maganin Baba, ta hannunsa yake bi, shi ke kai shi har tsakar gida.

Marwan ya yi ta korar tunanin yana dawowa. Yana cikin haka, wata rana ya buɗe wasan ya ga an kwashe maɓallan tuƙi gaba ɗaya daga dama an mayar da su hagu. Gambo bahago ne, tun suna yara ake tsokanarsa da haka. A satin ne kuma wani ɗan garinsu da ya zo Kano sayen kaya ya faɗa a cikin hira cewa injin motar Gambo ya buga, kusan wata guda ke nan yana gari ba ya zuwa ko'ina.

Tun daga ranar aikin Marwan ya lalace. Ya shafa wa wani ɗaki launin da ba shi aka ce ba, sai da aka sake. In ya kira Najaha ba maganarta yake saurare ba, abin da ke bayanta yake saurare, ko zai ji tari ko motsin takalmi. Ya tambaye ta sau ɗaya, kamar ba da wata manufa ba, ko Gambo yana zuwa. Ta ce yana zuwa mana, yakan leƙo ya gaida Baba. Yadda ta faɗa ba tare da ɓoyewa ba ma sai ya zama masa abin zargi.

Saura ɗaki biyu a gama ginin ya ce wa mai kwangilar jikin mahaifinsa ya tashi, ya tattara kayansa. Bai gaya wa kowa a gida yana tafe ba. Ya bi ta Daura, ya ƙetare iyaka a Ɗan Barto, ya sauka a tashar Matameye da la'asar sakaliya.

Mutum na farko da ya gani shi ne Gambo, ya tusa kai cikin bonet ɗin motarsa. Ya ɗago da fara'a, ya goge hannu a riga, ya yi mamakin ganinsa tun ruwa bai sauka ba. Ya ce kada ya damu da gida, kusan kullum yana leƙawa, kuma Najaha tana ƙoƙari da tsohon, irinta sai an tona. Marwan ya amsa gaisuwar a taƙaice. Idonsa na kan sifanar da ke hannun hagun Gambo.

A gida Najaha tana tankaɗe ya yi sallama. Ya ga murna a fuskarta, amma kafin murnar ya ga wani abu ya gifta. Ba ta karɓi jakarsa ba. Ta ce bari ta gaya wa Baba, ta shige ɗakin tsohon da sauri, ta fito hannunta ɗaya a cikin mayafi, ta wuce ɗakinsu, sannan ta dawo ta kawo masa ruwa. Da ya shiga gaida mahaifinsa, tsohon ya tambaye shi lafiya ya dawo da wuri, amma bai yarda sun haɗa ido ba. Marwan ya fassara wannan da cewa Baba ya san wani abu, kunya ce ta hana shi faɗa.

Washegari da ta shiga wanka ya buɗe akwatin. Salular na nan ƙarƙashin zannuwa, cike da caji. Gefen hagu na gilashin ya yi maiƙo. Ya kai hanci ya ji warin man zafi, irin wanda direbobi ke shafa wa baya idan sun sha hanya.

Ya mayar da ita yadda ya same ta, ya fita ya nufi tasha.

Gambo yana zaune a kan benci da 'yan kamasho biyu da wani mai sayar da mai a kwalba. Ya matsa ya ba shi wuri, Marwan bai zauna ba. Ya ce a saninsa direban kirki ba ya hawa motar wani sai da izinin mai ita. Mutanen suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Gambo bai yi ba, don ya ga fuskarsa.

"Marwan, faɗi abin da ke bakinka."

"Na ga hannunka a inda bai kamata ba. Kada ka sake taka ƙofar gidana, ina nan ko ba na nan."

Dariyar ta ɗauke. Gambo ya miƙe, ya dubi mutanen da ke wurin. Ya koma wajen motarsa ya tsaya ya juya musu baya.

Kwana uku Marwan bai bar gida ba, kwana ukun kuma Guguwa bai motsa daga inda aka ajiye shi ba. Wannan ya ƙara tabbatar masa. Sai dai yana so ya ji daga bakin Najaha, ita kuwa tana hidimarta, tana dafa wa Baba kunu, tana juya shi, tana satar kallon mijinta kamar mai jiran ya faɗi abin da ya dawo da shi. A rana ta huɗu ya ɗauki gatari ya ce zai tafi sharar gonarsu ta hanyar Tsauni, sai la'asar zai dawo. So yake ya ga ko Gambo zai karya dokar da ya sa masa.

Bai je gona ba. Ya zagaya ya zauna a rumfar wani mai faci da bai fito ba ranar, inda yake hango ƙofar gidansa sosai. Ya ajiye salula a cinya. Mai tallan ƙuli ta wuce, wata mota ta wuce da buhunan gawayi. Ba wanda ya shiga gidan, ba wanda ya fito. Goma da rabi ta gota kaɗan sai shafin ya nuna Guguwa ya ɗauki kaya ya hau hanya.

Ya dubi ƙofar, ya dubi salular. Sai ya tuna katangar bayan gidan da ta zube ta wani gefe tun daminar bara, wadda ya yi ta cewa zai gyara. Ya tashi ya nufi gidan. A zaure ya cire takalmansa ya ajiye gatarin, ya shiga a hankali. Ɗakinsu a buɗe yake, ba kowa. Ƙarar injin daga ɗakin mahaifinsa take fitowa, tare da muryar Najaha.

"Baba, ga wani nan motarsa ta mutu a daji. Amsa uku ce: ka wuce, ko ka ja shi ya biya ka, ko ka tsaya ka duba masa injin."

"A tsaya a duba. Ba a wuce direba a daji."

Marwan ya ɗaga labulen. Alhaji Cha'ibu yana jingine da bango, an ɗora masa matashi a cinya, salular na kai. Mataccen hannunsa na dama ya tokare ta, babban yatsan hagu yana kan sitiyarin. Najaha tana durƙushe daga gefe tana leƙa rubutun Faransancin tana fassara masa. Kwalbar man zafin da take shafa masa a kafaɗa tana kan tabarma a buɗe.

Tsohon ne ya fara ganinsa. Ya yi ƙoƙarin tura salular ƙarƙashin matashin, ta zame ta faɗi, motar ta ci gaba da ruri a ƙasa har Najaha ta ɗauka ta kashe.

Shekara talatin da ɗaya Alhaji Cha'ibu ya yi yana tuƙa babbar mota tsakanin Damagaram da Kano kafin ciwon ya same shi. Marwan ya san wannan kamar yadda ya san sunansa, amma tunda tsohon ya kwanta ya daina ganinsa a matsayin direba. Ga shi kuma ba wanda ya tsani wasan kamarsa. Ranar sunan ɗan wani maƙwabcinsu, a gaban dattawan unguwa, ya taɓa cewa ɗansa ya girma ya yi aure amma yana tuƙa motar ƙarya kamar yaron goye.

A hankali, yana kallon bango, tsohon ya faɗi yadda aka yi. Wata rana Najaha na neman saƙon Marwan a ɗakin ta danna wasan bisa kuskure. Ya ji kukan injin ya ce mata wannan motar giya take nema. Ta miƙo masa don ya gani, daga nan bai iya mayarwa ba. Ita ta gano yadda ake mayar da maɓallan hagu saboda hannunsa. Shi ya sa ta yi masa alkawari ba za ta gaya wa kowa ba, musamman Marwan. Ya ce bai san ana gani daga Kano ba sai ranar da aka kira ana tambaya, kuma ko a ranar ya ce mata ta rufa masa asiri. Ya ƙara da cewa direban da ya tarar a ciki ba shi da birki ko kaɗan, ya ga ba zai bar shi haka ba.

Marwan ya ji wani sanyi ya sauko masa har yana neman yin dariya. Ya juya wajen Najaha. Ita ba fuskarsa take kallo ba, ƙafafunsa take kallo.

"Ina takalmanka?"

Ya ce suna zaure.

"Wa ka zo kamawa?"

Ta jira kaɗan, ta rufe kwalbar man, ta fita.

Ragowar amsar ta same ta bayan la'asar. Sadiyya matar Gambo ta shigo ko zama ba ta yi ba, ta gaya mata abin da aka faɗa a tasha, da waɗanda suka ji, da inda maganar ta kai cikin kwana huɗu. Ta ce ita ta san mijinta kuma ta san Najaha, amma ba ita kaɗai ce a garin ba. Najaha ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gama tuwo, ta ba Baba a baki kamar kullum, ta wanke kwanuka. Da safe ta durƙusa ta yi wa tsohon sallama, ta ce za ta je ƙauyensu Yauri wajen iyayenta. Ya ce ta yafe masa. Ta ce shi bai yi mata komai ba.

Bayan ta tafi ya kira ɗansa.

"Ni na sa ta yi maka ƙarya, wannan laifina ne. Amma ba ni na sa ka kai sunanta tasha ba."

Marwan ya koma tashar a ranar. Ya jira sai da 'yan kamashon nan biyu da mai man suka hallara, ya faɗi a gabansu cewa abin da ya yi wa Gambo ƙazafi ne, ba shi da tushe, zargi ne ya rufe masa ido. Bai ambaci wasan ba saboda mahaifinsa, don haka wasu suka tafi da nasu tunanin. Gambo ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ya yafe don Allah da kuma darajar Baba. Ya ce amma daga yau ya nemi wani ya riƙa kai masa saƙo gida. Yana gaida shi in sun haɗu, bai sake shiga gidan ba.

Sau biyu Marwan yana zuwa Yauri biko. Na farko mahaifinta kawai ya gani. Na biyu ta fito ta tambaye shi wa ke juya Baba, sau nawa a rana, yana cin abinci kuwa. Ya gaya mata gaskiya, tsohon ya rame, ya ƙi tuwon da ake sayowa, salular ma ya ce a ɗauke ta daga ɗakinsa. Ta dawo a rana ta goma sha ɗaya, ana gobe za a yi ruwan shuka. Ta gaya masa a fili saboda Baba ta dawo, sauran kuma sai abin da ta gani.

Sai da aka yi noman farko kafin tsohon ya sake karɓar salular, shi ma don ita ce ta kawo ta ajiye masa a kan matashi. Marwan ya goge wasan daga tasa ya bar masa. Da rani ya zo bai tafi Kano ba, ya samu aikin fentin wasu shaguna a Kantche, yana zuwa yana dawowa a yini.

Zamansu da Najaha ya daidaita, ana hira ana dariya, sai abu ɗaya da ta ɗauko. Duk inda za ta, ko gidan maƙwabta ne ɗebo wuta, sai ta tsaya a gabansa ta faɗi gidan da za ta, da wanda za ta gani, da lokacin da za ta dawo, ta ƙara da cewa in yana so ya aika a tambaya. In wani ya yi sallama ba ya nan, da ya dawo za ta gaya masa ko wane ne, da abin da ya ce, da inda ya tsaya. Ya roƙe ta ta bari, ya ce ba ya buƙata. Ta ce ta ji. Ba ta bari ba sai bayan shekara ta zagayo.